Kada ka sallama kayan gado a dunƙule

Ka ce 'ya'yan mai tsohon otal ɗin nan sun kira ka, mahaifinsu ya rasu, suna so a sayar da abin da ya tara a shekara hamsin, kana tambaya ko ka haɗa kayan gaba ɗaya ka sallama wa mutum guda, ka karɓi la'adarka. Ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ku yaran yanzu kun ɗauka dillanci shi ne ka ɗauki hoto ka watsa a WhatsApp, kafin la'asar kuɗi su shigo.

Yadda ake rubuta kaya a littafi a sa musu lamba ba zan koya maka ba, wanda ya shekara uku a rumfata a Kurmi bai san wannan ba gara ya koma tallan rake. Kuma ka san ba a taɓa ko cokali sai an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya, kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, har wadda take aure a nesa.

Abin da ya sa na ce ka zauna daban ne. Shekara goma sha biyar ke nan aka ba ni irin wannan aiki, wani otal na iyali guda, tun zamanin Turawa suke riƙe da shi. Na kwana huɗu a falo ina lissafin agogon bango, da garmaho, da dardumai, da farantan tagulla aikin Bida. Ɗakin ajiya na bayan kicin kuwa leƙawa kawai na yi: tangaran, kofuna, da wasu manyan tuluna uku masu sheƙi, ƙura ta rufe su. Sai ga wani mutum, shadda mai tsada, magana a hankali, ya ce gidan abinci zai buɗe, faranti yake nema. Ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama. Har ya juya zai tafi sai ya ce, kamar abin bai dame shi ba, in haɗa masa da tulunan nan ya dasa furanni, ai sun yi nauyi ba wanda zai ɗebi ruwa da su. Na haɗa masa a matsayin gyara. Gyara, yaro! Da hannuna na taya yaransa ɗorawa a mota.

Bayan mako guda tsohon kukun otal ɗin ya zo gaisuwa, ya tambayi ina tukwanen Ladi. Ya ce marigayi da kansa ya tuƙa mota zuwa Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yau, ya sayo su a makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe. Na ɗauko wani faranti da ya rage saboda ya tsage, na kifa shi. Ga hatimi biyu a gindi: ɗaya LK, ɗaya kalmar Abuja da rubutun Larabci. Ladi Kwali ke nan, shahararriyar maginiyar tukwane, wadda ta shiga makarantar a 1954, ta rasu a 1984, wadda hotonta ke bayan naira 20 tun 2007. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kunama da kifi, a gidajen gwanjo na Landan dubban fam ake biya. Mutumin nan ya san abin da ya gani tun daga bakin ƙofa, farantan ma dabara ce. Na bi adireshin da ya ba ni, babu gidan abinci, babu shi. Uwargidan marigayi ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi Allah ya kiyaye gaba, kuma wannan ta fi mari zafi. La'adata na bar musu, amma me za ta rufe? Hakkin marayu ne ya fita ta hannuna. Har yau ban yafe wa mutumin nan ba.

Saboda haka kafin ka kira kowane mai saye, nemo tsofaffin ma'aikatan otal ɗin, kuku da mai gadi da mai wanki, ka saya musu goro ka saurare su. Su suka san abin da maigida ya hana a taɓa. Sannan kowane abu ka ɗaga shi, ka kifa shi, ka duba gindinsa da idonka. Wanda ya raina kaya amma ya ƙi tafiya ya bar su, riƙe kayan nan da kyau.

Kada kuma zumuɗi ya ɗebe ka ta ɗaya gefen. Za ka tarar da kuɗin azurfa masu kan Mariya Tariza, tsohuwar mai mulkin Austria, a akwatin tsohuwa, ka ga 1780 ka fara rawar jiki. Duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake sa masa, har na jiya-jiya. Auna shi, giram 28 ne, ka yi ciniki a kan azurfarsa.

In ka ci karo da tsohon takobi ko sassaƙa ko tukunyar da aka tono, dakata. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a sayar da shi sai ga wakilin da hukuma ta amince da shi, ba a fita da shi waje sai da takarda. Ka je Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, ka tambaya kafin ka ja wa magada magana.

Gobe bayan sallar asuba ka zo da fitila da tsumma, tare za mu je. Daga bayan kicin za mu fara.