Sabuwar ƙwallon bolin ta kashe mini yatsa: in daure ko in mayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Malesiya. Shekara biyu ina buga bolin, wasan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dogon layi don a kayar da kwalabe goma, da ƙwallon gidan wasa mai laba 12, irin wadda ake zura yatsu har gaɓa ta biyu. Watan jiya na tara kuɗi na sayi tawa, riyaktif (irin mai kama ƙasa ta lanƙwasa) mai laba 15, aka huda mini ita yadda gaɓar farko kaɗai ke shiga. Tun daga nan makina ya sauko daga wajen 150 zuwa 120, ƙwallon tana tsallake kwalbar gaba ta faɗa hagu, bororo ya fito mini a gindin babban yatsa, kuma yau kwana uku gefen babban yatsan da ke kallon manuni ya mutu kamar ba nawa ba. Abokan wasana sun ce in daure, hannu zai saba. Kuɗina ne ya tafi a banza?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗinka bai tafi ba, amma ajiye ƙwallon nan tukuna, kada ka sake jefa ta sai ka gama karanta wannan.

Bari mu fara da mai sauƙin. Faɗuwar maki ba abin tashin hankali ba ne, kusan duk wanda ya bar ƙwallon roba ya koma riyaktif sai ya ga haka. Ta gidan wasa santsi take yi ta tafi miƙe. Taka kuwa tana zamewa a kan man da aka shafa wa layin, wajen ƙafa 40 na farko a yawancin gidajen wasa, da ta taka busasshen wuri sai ta kama ƙasa ta lanƙwasa. Kai kuma kana tsaye inda ka saba. Matsa ƙafarka katako biyu hagu (siraran katakan da aka jera a layin nake nufi), abin da kake saiti da shi katako ɗaya hagu, ka jefa, ka ƙara in bai isa ba. Kwalba ta 10 kuwa, ta kusurwar dama a can baya, ka ci gaba da ɗaukar ta da ƙwallon roba. Wasa goma sha biyar zuwa ashirin, idonka zai daidaita.

Yatsan ne ya dame ni, da maganar abokanka.

"Hannu zai saba." Babu makon da ba na jin wannan kalma, kuma ta gurgunta yatsu fiye da kowace ƙwallo mai nauyi. Abin da ke sabawa daban, abin da ba ya sabawa daban. Tsamin dantse, gajiyar wuyan hannu, ɗan zafi a kan yatsan tsakiya da na zobe saboda yanzu su ke ɗauke da aikin, waɗannan za su wuce cikin mako biyu ko uku. Fata ma takan yi 'yar kanta. Jijiya ba ta kanta. A gefen babban yatsa, daidai inda ka ce ya mutu, akwai siririyar jijiyar ji da ke kwance tsakanin fata da ƙashi. Idan bakin rami yana da kaifi, ko tazarar ramukan ta fi hannunka tsawo, duk jifa sai bakin ramin ya murje ta. Jiki kuma sai ya riƙa naɗe ta da tabo. Likitocin hannu sun san ciwon, har suna suka ba shi da sunan wasan nan. Da farko mutuwar yatsa ce mai zuwa ta tafi, daga baya sai ka shafa ka ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake, in ka danna ya ba ka shokin har ƙarshen farce. Wanda ya tsaya da wuri hutu da gyaran rami kan ishe shi. Mai taurin kai wani lokaci sai an kai ga tiyata.

Kuma su masu cewa ka daure, dubi hannunsu. Wani ya naɗe yatsa da filasta kamar wanda ƙofa ta datse, wani yana ɗiga wa bororo gam ya koma layi, yana alfahari wai haka ƙwararru suke yi. Kalli ƙwararren da ke jefa wasa takwas ko goma a yini ɗaya: ƙwallo na fita daga hannunsa sumul, babban yatsa ya fara zarewa, sauran biyun su biyo. Ba dauriya ta kai shi nan ba, awo ne. Akwai wanda ya taɓa kawo mini ƙwallo ya ƙwaƙule ramin da wuƙar kicin, saboda wani ya ce masa matsewa ce matsalar. Ramin ya yi faɗi, dole ya koma damƙe ƙwallon don kada ta suɓuce, gaɓar yatsa ta tanƙware tana gugar bayan rami, ciwo ɗaya ya zama biyu. An gudu ba a tsira ba. Yawancin masu kukan rami ya matse, damƙa ce ke kumbura musu yatsa. Kai ma da wuya ba ka taho da wannan ɗabi'a daga ƙwallon gidan wasa ba, don ramukanta na kowa da kowa ne, sai an damƙe ake riƙe ta.

Ga gwajin da za ka yi a ɗaki. Zura babban yatsa har gindi, ka shimfiɗa yatsu biyun a kan ramukansu ba tare da ka ja su ba. Bakin ramin da ke kusa da kai ya kamata ya faɗo wajen tsakiyar gaɓa ta farko da ta biyu. In ya faɗo daf da gaɓar farko, tazarar ta yi tsawo, kuma bororon gindin yatsa alamarta ke nan. Sannan zagaya bakin ramin babban yatsa da ɗan yatsanka. In ka ji kaifi, ba a rage shi yadda ya kamata ba.

Mayar wa wanda ya huda, ka tafi da hannunka yadda yake, ya ga inda bororon ya fito, don wurin ciwon shi ne ke gaya masa laifin tazara ne ko na karkatar rami. Gyaran wani lokaci kashi ɗaya cikin sha shida na inci ne kawai, ko ƙara wa ramin karkata ta baya don yatsa ya fita da wuri. Ana toshe rami a sake hudawa, ƙwallon ba ta lalace ba. In ya ce maka shi ma ka daure, bai ko nemi ganin jifarka ba, ɗauki kayanka ka nemi wani. Mai huda na gaskiya sai ya lanƙwasa yatsunka ya ga laushinsu kafin ya taɓa inji. Ka roƙi ramin ya ɗan fi yatsanka kaɗan, ka riƙa cikewa da tef na musamman da ake sa wa a ciki, domin yatsa yana kumbura a zafin waje ya motse a sanyin na'ura.

Tsallen laba uku ma ya yi yawa a ganina, da 14 ka tsaya. Iyakar doka laba 16 ce, kilo bakwai da 'yan kai, amma yawancin ƙwararru 15 suke jefawa, bare kai da jiya-jiya ka baro 12. Kada kuma wani ya ce ka cire babban yatsan ka jefa da hannu biyu irin na ƙwararren ɗan wasan nan Jason Belmonte alhali ramin yana nan buɗe. Tun watan Agustan 2020 hukumar bolin ta Amurka ta haramta duk ramin da ba a sa yatsa a ciki, sai an toshe shi.

Mutuwar yatsan nan in ta kai mako biyu bayan ka daina jifa, ko ka ji ƙullutun da na faɗa, likitan ƙashi da hannu za ka nufa, ba shagon ƙwallo ba. Abokanka kuma ka ce su ara maka nasu yatsan in suna da na ajiya.