Filin Tambayi Likitan Dabbobi: Ga Taron Suna, Ga Kare a Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. 'Yata ta haihu, ta dawo gida wanka, kuma a gidanmu za a yi suna ranar Asabar. Muna da wani ƙaton kare da maigida ya kawo tun da ɓarayi suka haura mana katanga. Ya saba da yaranmu, bai taɓa cizon kowa ba. Alhaji ya ce a ɗaure shi a gindin mangwaro a bayan gida, shi ke nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don dangi za su zo da yara da yawa. Yaya zan yi?
Daga wata uwargida a Barnawa, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya raya.

Hankalinki ya fi na Alhaji gaskiya a wannan karon, ya yi mini afuwa. "Ai ba ya cizo" ita ce maganar da na fi ji daga bakin masu kare bayan an riga an yi cizon. Karenku ya san mutanen gidansa ne kawai. Aikin da kuka ɗora masa shi ne ya hana baƙo shigowa, sai ga shi ranar Asabar baƙi sun cika gida, ga guɗa, ga kiɗa, ga ƙamshin ragon suna tun da sassafe.

Ɗaurin gindin mangwaro shi ne abin da ban yarda da shi ba sam. Kare in ya tsorata yakan so ya ja da baya, sarƙa kuwa ta hana shi, sai ya koma ga haƙori. Kuma bayan gida nan ne ake kafa murhu, nan ake gyaran kayan ciki, nan yara ke sulalewa idan iyaye mata sun shagala da gaisuwa. Yaro ɗan shekara uku da ƙashi a hannunsa, fuskarsa daidai bakin karen take. Shi ya sa cizon ƙananan yara ya fi yawa a fuska da wuya.

Ki nemi ɗaki mai ƙofa da iska, a sa shi tun kafin mahauci ya iso. A ba shi abinci ya ƙoshi, a ajiye masa ruwa mai yawa, a sa kwaɗo. Makulli ya zauna a aljihun mutum ɗaya wanda karen ya sani, ban da yara, komai roƙonsu na su nuna wa 'yan'uwa. Shi wannan mutumin ne zai riƙa leƙa shi. In akwai gidan ɗan'uwa da karen ya saba da shi, a kai shi can ya wuni, ya fi sauƙi. Ki kuma gaya wa baƙi tun a bakin ƙofa cewa akwai kare amma yana kulle. Akwai matan da ko haushinsa suka ji sai su zubar da kwano su ruga, gudun kuma shi ke sa kare ya bi mutum.

In tsautsayi ya gitta, ko da yakushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a duba agogo. Kada a shafa toka ko barkono. Daga nan sai asibiti a ranar, a nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wannan ciwo da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kada kuma a kashe karen cikin fushi. A tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi, amma ba a jiran kwanakin nan kafin a fara wa yaro allura.

Yau ɗin nan ki tambayi Alhaji katin rigakafin karen. A nan ƙasar duk shekara muke sabunta allurar, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta.

Bayan an watse kada a yi gaggawar buɗe masa. A share tsakar gida tukuna: ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji, haka ma tsinken tsire. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, cakulan da goro kuma guba ne a gare shi, don haka ragowar shinkafar biki a ba mutane. A kuma tabbata almajiran da suka zo karɓar saura sun fita, an rufe ƙofar waje, sannan a cire kwaɗon.