Amsa ga mai son zama malamin jami'a a fannin gudanar da mulki

Malam, ka ce kana son yin mastas har ka kai ga koyarwa amma ka rasa abin da za ka bincika. Wallahi ga aiki nan jibge a ƙananan hukumomi. Ɗauki sashe na 7 (kan tsarin ƙananan hukumomi) da na 162 (kan rabon kuɗin asusun tarayya) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, ka haɗa da hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, sai ka shiga sakatariya ɗaya ka zauna da ma'aji ka ga ko abin ya canja. Tsoffin fayilolin En'e, wato hukumomin gargajiya da suka gabaci ƙananan hukumomi, kuma suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Ka fara leƙa harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, can malaman fannin suke. Albashin dai sai haƙuri gaskiya.