Yaro ya tambayi maigidansa: me ya hana motocin farko rufi?

Jiya muna tsaka da sa soso a kujerar waccan tasi ka tambaye ni me ya sa motocin farko ba su da rufi, wai ko masu ƙera su mantawa suka yi. Ba su manta ba, yaro. Waɗanda suka fara gina jikin mota masu haɗa keken doki ne, abin da hannunsu ya saba shi suka yi: kujera bisa katako, sai rumfa mai naɗewa a baya. Motar da Karl Benz ya fitar a Jamus a 1886 ƙafa uku gare ta, ko gilashin gaba babu. Ga injin ba ƙarfi, in ka ɗora masa ɗaki guda na katako da gilashi sai tudu ya gagare shi.

Model T ta kamfanin Ford, wadda aka yi sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, yawancinta a buɗe take. Manomin Amurka kan sa doguwar rigar tare ƙura da tabarau, in hadari ya taso a tsaya a ja rumfa, a ɗaura labulen gefe. Sai wajen 1922 da kamfanin motoci na Essex ya kawo rufaffiya mai araha mutane suka juya. Daga nan buɗaɗɗiya ta koma motar wanda ke so a gan shi: sarakuna, shugabanni, angwaye. A cikin irinta aka harbe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarayebo a 1914, haka Shugaba Kennedy na Amurka a Dallas a 1963. Har yau ka ga gwamna tsaye a buɗaɗɗiyar Land Rover yana duba fareti.

Amma abin da ya sa na amsa maka, tambayarka ta tono mini wani miki. Shekarun baya wani alhaji ya kawo mini tsohuwar Morris Minor mai rumfa, ta mahaifinsa, yana so a ɗauko amaryar ɗansa a ciki. Duk layin nan ba wanda ya iya aikin sai ni. Na ce masa sai na kwance na duba katakon goshin rumfar, wanda ake ɗame yadi a jikinsa. Ya rantse mini an canza shi bara, kuma biki saura kwana tara, kada in ɓata masa lokaci. Na dubi furfurarsa na yarda. Da kuɗina na sayo yadi mai rufi biyu, na waje, ba tampol ɗin da kuke rufe Keke Napep da shi ba. Kuɗin aikin wata uku na zuba.

Yadda ake awo da yanka ba zan tsaya faɗa ba, wanda bai san wannan ba ya koma talla. Kwana shida ina ɗinki. Na shanya yadin a rana ya yi laushi, na ɗora, na fara ja daga tsakiya zuwa gefe. Ina kan ja na ƙarshe sai na ji ƙas! Katakon ya rabe biyu, gari na zuba daga cikinsa kamar an zazzage buhu. Gara ta cinye cikinsa tas, fenti kawai aka shafa a sama. Tsinin ya huda yadin ya keta shi kamu biyu.

Da ya zo, cewa ya yi ni na karya masa kayan gado. Ranar Juma'a muna masallaci ya turo yara suka ja motar, ko kwabo bai ba ni ba. Daga baya na hange ta a ayarin bikin, rumfa a naɗe, yana zaune gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku 'yan yanzu ba kwa taɓa abu, sai dai ku haska shi da waya ku ce lafiya lau. Duk ranar da tsohuwar mota ta shigo nan, ka ɗauki basilla ka soka kowane katako a gaban mai ita kafin ka taɓa almakashi, kuma ka karɓi kuɗin yadi a hannu. Ragowar wancan yadin shi ne na lulluɓe keken ɗinki da shi. Je ka ɗaga ka ga yagewar.