Nutso a Carriacou bayan guguwar Beryl: abin da ya same ni a Dominika

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi. Ka ce kun biya kuɗin nutso a Carriacou, wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Girenada a tekun Karibiyan, tun kafin Beryl ta afka wa tsibirin ranar 1 ga Yuli, 2024, yau da nake rubutun nan sati shida ke nan, mai shagon nutson yana ta cewa ku taho ruwa ya lafa, kai kuma kana shawara ko ka je ko ka haƙura. Wallahi kalmar nan ta "ruwa ya lafa" ita aka faɗa mini a tsibirin Dominika a 2017.

Tsofaffin 'yan zauren nan sun san yadda muka kwana a banɗaki daren 18 ga Satumba da guguwar Maria ta sauka, ba sai na maimaita ba. Bayan sati bakwai zaman ɗaki ya ishe ni, ba wuta, ba karatu, sai ƙarar zarto. Wani mai jirgi da na saba nutso da shi wajen Soufrière ya ce mu zo, shi da kansa ya shiga shekaranjiya, garau ne. Ƙarya yake yi. Daga baya yaronsa ya gaya mini tun guguwar babu wanda ya leƙa wurin.

Tun a jirgi na ji iskar silindata, wadda ake goyawa a baya ana shaƙa a ƙarƙashin ruwa, tana ɗan warin hayaƙi. Na yi magana, ya ce sabon roba ne. Ashe injin cika iskar yana gefen janareto, yana zuƙar hayaƙinsa. Muka isa, igiyar da ake ɗaure jirgi babu ita, guguwa ta tsinke ta. Maimakon ya ce mu koma, sai ya ce ku sauka zan bi kumfarku. Wurin da a da kake hango mita ashirin, ranar ko mita biyu ba na gani, ruwa kamar kunu. Guguwa ta tsige itatuwan kan duwatsu, ƙasa ta zabtare, ko yayyafi aka yi sai koguna su kwaso laka su zuba a teku.

A mita goma sha huɗu kaina ya fara sarawa. Na waiga, abokin nutsona ya ɓace. Ina juyawa na ji an riƙe ni ta baya. Igiyar tarkon kifi ce ta naɗe wuyan silindata, inda hannuna bai kai sosai. Na duba agogon iska, saura saba'in kacal, kuma yana sauka da sauri saboda haki nake yi. Ban san sau nawa na yi kalmar shahada a zuci ba. Mahaifiyata kawai nake gani, wadda ko sanin ina shiga teku ba ta yi ba. Da ƙyar na zaro wuƙa na dinga yanka a makance, garin haka kwanon rufin wani gida da ke kwance a ƙasa ya tsaga mini hannu. Da na fito sama jirgin ya yi nisa, igiyar ruwa ta ja shi. Kusan minti arba'in ina yawo a kan ruwa, ina amai, jini yana zuba. Da ya ɗauke ni, ka san me mutumin nan ya ce? Wai tsoro ne ya yi mini yawa. Ko sannu babu. Ko iskar oksijin babu a jirgin. Na san shi ma rufin gidansa ya tafi, yana da yara, yana neman na abinci, na yi masa wannan uzurin sau ɗari. Amma da raina ya yi caca, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Ciwon hannun nan ya ruɓe, sai da na yi sati uku ina shan magani.

To kai, kada ka tambayi mai shagon naku ko ruwa ya lafa. Ka ce wa ya shiga wurin a satin nan, mita nawa ya gani, ya turo maka bidiyo. Ka shinshina iskar kafin ka ɗora silinda, in ka ji wari ko ɗanɗanon mai ka ajiye ta. Gaskiya Carriacou ba ta da koguna irin na Dominika, don haka laka za ta fi saurin kwanciya, amma gidajen tsibirin kaɗan ne suka tsira da rufinsu, ga jiragen da suka farfashe a Tyrell Bay. Kwanon nan da igiyoyin nan ina kake zaton suka tafi? Ka tafi da wuƙa biyu, da balan-balan ɗin alama da ake harbawa sama, da usur. Ka tambayi oksijin, da rediyo, da kuma ina za a kai ka, cikin awa nawa, in ciwon da saurin tasowa sama daga zurfin ruwa ke jawowa ya kama ka. In ya fara kame-kame, ka gane.

Ka kuma shirya zuciyarka. Murjanin da ke ruwa marar zurfi shi ya fi shan wahala, musamman mai rassa kamar ƙahon barewa, za ka tarar da shi a zube kamar an yi sassabe. Manyan soson teku masu kama da randa na gan su a kife. In zurfi ya wuce mita ashirin abin yakan yi sauƙi, amma in takardar shaidar nutsonka ta mita goma sha takwas ce kada ka yarda a ja ka can don ka ga abu mai kyau. Kada ka dafa komai, duk a kwance yake ba a manne ba. Da na koma Champagne Reef, wani wurin nutso a Dominika, a 2019 na ga kumfar nan ta dutsen wuta tana fitowa daga ƙasa kamar yadda na san ta, ƙananan kifaye sun dawo, hawaye na yi cikin gilashin fuska.

Kuma fa lokacin guguwa bai wuce ba, sai 30 ga Nuwamba, yanzu ma ake shiga tsakiyarsa. Ni dai da ƙanena ne kai, cewa zan yi ka bar musu kuɗin, suna bukatarsa, ka ɗage tafiyar zuwa Fabrairu ko Maris. In hutun ba zai ɗagu ba, ka tsaya babban tsibirin Girenada ta kudu, wajen Molinere, can ɓarnar ba ta kai haka ba. Kuma ka gaya wa wani na gida ranar da za ka shiga da lokacin da za ka fito. Ni ban gaya wa kowa ba ranar.