Tambaya da Amsa: "Their car is" ko "their car are"?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, bana zan zauna jarrabawar WAEC in Allah ya yarda. A gwajin da aka yi mana na rubuta "Their car are new", sai malaminmu ya zagaye "are" da jan biro. Ni kuwa abin da na sani, "their" na mutane da yawa ne, kuma an koya mana jam'i da "are" yake tafiya. To ina kuskurena? Sannan in motocin suna da yawa, "theirs cars" zan ce? Kunya ce ta hana ni tambaya a aji.

Ɗalibarku daga Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Matambayi ba ya ɓata, kuma na tabbata a ajinku akwai da yawa da wannan tambaya take ci musu rai, suka yi shiru. Malaminku yana da gaskiya, amma ke ma tunani kika yi, ba kame-kame ba. Wurin da ya kamata ki kalla ne kawai kika sauya.

Ajiye Turanci tukuna. A ce gida guda, mutum goma, suna da mota ɗaya, ta mace musu a hanyar Zariya. Yaya za ki ba da labari? "Motarsu ta lalace." Ko cikin barci aka tashe ki, ba za ki ce "motarsu sun lalace" ba, duk da cewa masu ita goma ne. Juya zancen: mutum ɗaya ne, yana da awaki biyar. "Awakinsa sun shiga gona." Mai su ɗaya, amma kika ce "sun". Ashe tun kina goye bakinki ya san ƙa'idar: aikatau ba ya kallon mai kaya, kayan yake kallo. Turanci ma haka yake, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Shi ya sa ake cewa "Their car is new", a kuma ce "His goats are hungry".

Ga dabarar da na daɗe ina ba ɗalibaina. Ki sa ɗan yatsa ki rufe kalmar mallakar, ko my ce, ko your, his, her, its, our ko their, ki karanta abin da ya rage. In kin rufe "their", saura "car ... new". Mota ɗaya, sai "is". Na taɓa samun wani yaro mai ƙoƙari da ya cika insha'insa da "our teacher have" da "their father were". Na zaunar da shi kan benci bayan an tashi, na ba shi murfin biro na ce ya riƙa ɗora shi kan kowace "our" da "their". Bai kai ƙarshen shafin farko ba ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai mutum ɗaya ne!" Da hannunsa ya gyara sauran.

Ƙa'idar ba ta tsaya kan is da are ba. Ana cewa "Their son goes to school" amma "His sons go to school". "Our house has a well" amma "My uncles have farms". Ki lura da harafin s: in ya hau kan suna ya mai da shi jam'i, sai ya sauka daga kan aikatau.

Tambayarki ta biyu kuwa, a'a, babu "theirs cars" a Turanci. Waɗannan kalmomi bakwai ba sa canza kama, ko abu ɗaya aka mallaka ko dubu: my book, my books, their car, their cars. Na fi jin wannan kuskure a bakin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci, kuma suna da uzuri, domin a can leur takan koma leurs, mon ya koma mes, in abin ya zama jam'i. Turanci bai ɗora wa kowa wannan nauyi ba.

To mene ne aikin "theirs"? Ki tuna darasin nahawun Hausa, inda aka raba mana gajeruwar mallaka da doguwar mallaka. Gajeruwa ita ce mai manne wa suna: littafina, motarsu. Doguwa ita ce mai tsayawa da ƙafarta: nawa, tawa, nasu, tasu. My, your, her, our da their su ne gajerun, dole suna ya biyo su. Mine, yours, hers, ours da theirs su ne dogayen, suna ba ya bin su. His ce kaɗai take aiki nan da can ba tare da ta canza ba. Saboda haka s ɗin da ke jikin "theirs" ba ta jam'i ba ce.

Nan ne nake so ki ƙara natsuwa, don nan Hausa ta fi Turanci bayyana abu. Mu muna da nawa da tawa, daga ji kin san ko riga ake nufi ko wando. Bature "mine" kaɗai gare shi, ita ce nawa, ita ce tawa, ita ce kuma nawa na abubuwa da yawa. Tunda sunan ya ɓuya, sai ki tambayi kanki: me wannan kalma ta tsaya a madadinsa? "Your bag is black, mine is brown": jaka ɗaya. "Your shoes are black, mine are brown": takalma. Duka biyun daidai ne. Haka "Theirs has arrived" da "Theirs have arrived", tamkar dai "tasu ta iso" da "nasu sun iso".

Akwai 'yan wurare da dabarar yatsa ba za ta wadatar ba, sai kin san halin sunan kansa, kuma masu shirya jarrabawa suna son su ƙwarai. Mu mukan ce "wandona ya yage", tilo, amma a Turanci wando jam'i ne: "My trousers are torn". Almakashi ma haka, "Her scissors are sharp". Shanu kuma ba s a jikinsu amma jam'i ne: "His cattle are grazing". Sai kishiyar haka, wadda ta fi kayar da Bahaushe. Mukan ce "kayansu sun iso", sai hannu ya zarce ya rubuta "their luggages are". Luggage, furniture da news ba a ƙirga su a Turanci, ba a ƙara musu s na jam'i, kuma da "is" suke tafiya: "Their luggage is here", "Our furniture is old".

Sai "ɗaya daga cikin". Wannan na gyara shi a takardun ɗalibai har ban san iyaka ba, kuma har yau ina jin zafin ganin maki yana zubewa a kansa. "One of my friends is sick." Sunan dole jam'i ne, friends, domin ba a zaɓar ɗaya sai daga cikin masu yawa, aikatau kuwa tilo ne, domin ɗayan ne ba shi da lafiya. A Hausa ma ai "ɗaya daga cikin ƙawayena ba ta da lafiya" kike cewa.

Abu na ƙarshe shi ne 'yar alamar nan ta sama, irin wadda muke sawa a "'ya'ya". Ana sa ta a jikin suna, kamar "the girl's bag" ko "the girls' bags", amma ba ta da gurbi a yours, hers, ours, theirs ko its. Duk inda kika ga "it's" da alama, gajarta "it is" ko "it has" aka yi. In kina shakka, ki warware ta ki ji: "The goat broke it is leg" ba magana ba ce, don haka "its leg" za ki rubuta.

Ki ɗauko waccan takardar gwajin yau da dare, ki bi ta layi-layi da yatsanki, ki sake rubuta duk jimlar da jan biro ya taɓa, sannan ki kai wa malaminku ya duba. Allah ya ba da sa'a, 'yata.