Fayil ɗin da za ka tura wa malaminka

Ƙanena, barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa albarka. Ka ce malamin da zai duba aikinka a Jamus ya nemi makullinka na SSH (hanyar da kwamfutarka ke shiga saba cikin tsaro) don ya shigar da kai ma'ajiyar aikin rukuninsu a GitLab, dandalin ajiye aiki da haɗa hannu a kansa, ka buga ssh-keygen -t ed25519, sai ga fayil biyu, ka rasa wanne ake nufi.

Mai ƙarewa da .pub kaɗai za ka tura. Shi kwaɗo ne, ba laifi kowa ya gan shi, ɗan makullin kuwa shi ne id_ed25519 marar wutsiya. Wannan ko malamin ne ya roƙa kada ka bayar, kuma wanda ya san aikinsa ba zai roƙa ba. Duk lokacin da za ka tura aiki, kwamfutarka ce ke sa hannu da makullin sirrin, sabar ta gwada sa hannun da na .pub da ke wurinta. Makullin kansa ba ya barin kwamfutarka.

Abin da na fi so ka ji shi ne maganar kalmar sirri, wato wadda ke kulle makullin sirrin a kwamfutarka. Da ssh-keygen ya tambaye ta, yawancin ɗalibai Enter suke dannawa sau biyu su wuce. Kai mai shirin yawo da kwamfuta a filin jirgi da ɗakin karatu, kada ka soma. Duk wanda ya ɗauke ta, ya samu hanyar shiga aikin mutane da sunanka, aikin da wataƙila ba a ma wallafa ba. Idan yawan bugawa kake gudu, ssh-add zai riƙe maka ita. In ka riga ka wuce, ssh-keygen -p zai gyara.

Idan Git, manhajar da kake tura aiki da ita, ya nemi sunanka da kalmar shiga asusunka, adireshin https ka kwafo, koma ka ɗauki mai farawa da git@. GitHub ma, takwaran GitLab, tun 13 ga Agusta 2021 ya daina karɓar kalmar shiga a wannan hanya.

In ka iso suka ba ka kwamfutar ofis, yi mata nata makullin daban, kada ka kwaso tsohon a filashi. Ranar da ɗaya ta ɓata, sai ka shiga GitLab ka goge nata kaɗai. Kafin ka taso, gwada ssh -T da adireshin sabar tasu bayan git@, ka gaya mini abin da ya fito.